Kyaftin Ya Koyi Sunana

Zuwa ga yayata Nei Raweita,

Ina gaishe ku da kyau. Yaya ƙafar Inna? Rijiyarmu ta daina ɗanɗanon gishiri? Ni lafiya lau, barci ne kawai ya yi ƙaranci.

Ranar Talata, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, jirginmu ya gogi wani ƙaramin jirgin masunta. Ba a rasa rai ba, kada ki tayar wa Inna hankali. Ni ya kamata in tsaya sama ina duba hanya, amma mataimakin kyaftin ya tura ni ƙasa kankare tsatsa, wai na'ura ta fi idona gani.

Tun ranar kyaftin ya koyi sunana. Jiya har da dafa kafaɗa: "Tekaai, ɗana, in masu bincike sun tambaya, ai kana sama, ko?" Mutumin da bai taɓa amsa gaisuwata ba! In na ce ina sama, ni ne makahon da bai gani ba. In na ce ina ƙasa, ƙila su kore ni, ku gan ni a gida Tarawa kafin Kirsimeti.

Allah ya tsare mana ku. Ki gaya wa mijinki, in yana kamun kifi ya hangi babban jirgi, ya janye kwalekwalensa tun da wuri. Kada ya ɗauka akwai mai kallonsa.

Ƙaninki,
Tekaai