Rahoton Baffa Fulgencio

Faro, 9 ga Yuni, 1995

Zuwa ga Inna Herminia, a Cañada Honda.

Inna, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, gwiwar nan taki ta yi sauƙi, yayana Ginés da iyalinsa kuma suna ƙalau.

Ga rahoton jikarki, kamar yadda kika umarta ranar da kika sa na rufe shagon askina na bi ta yawon gasar tanis. Nieves tana cin abinci, ba ta kula samari. Ni nake ɗaukar mata jaka, ni nake wanke mata safa. Jirgin ƙasa ɗaya kawai muka rasa, shi ma laifin wani mai sayar da kofi ne da ya cika surutu.

Batun wasa kuwa sai godiya. Jiya ta kara da wata zanƙaleliyar 'yar Holan, minti arba'in da biyar kacal aka gama. Yarinyar ce ma ta rugo bakin raga tana miƙa wa Nieves hannu. A Italiya haka aka yi, a Faransa ma haka. Duk gasar da muka shiga ba ma ɓata lokaci, mu ne kan gaba wajen gamawa mu wuce gari na gaba.

Na san sharaɗin da ubanta Ginés ya gindaya mata, cewa in Satumba ya ƙare ba ta ci wasa ko ɗaya a gasar ƙwararru ba, ta ajiye raket ta shiga makarantar jinya. Ki ce masa kada ya yi gaggawar cike takardu.

Ɗanki mai biyayya,
Fulgencio

*

Cañada Honda, 2 ga Yuli

Nieves,

Ina gaishe ki, ko da yake ke ba ki gaishe ni ba. Wata uku ba ko layi ɗaya. Na ɗauka girman kai ne na masu nasara, shi ya sa na yafe.

Wasiƙun baffanki biyar ke nan, kuma kowacce na karanta ta a gidan burodin Pura da babbar murya. Kin san Pura, ita ce ta ce yarinyar da take yini tana buga wa bangon coci ƙwallo da raket mai kama da rariya ba za ta taɓa zama komai ba. Yanzu in na shiga sai ta ce tanda na kiranta.

Ubanki ya saurari ta ƙarshe yana tsaye a gonar lemo. Da ya dawo gida ya ɗauko takardun makarantar jinya ya ba uwarki ta shimfiɗa a ƙasan kejin tsuntsu. Ya ce kin cika sharaɗi, magana ta ƙare.

Na ji za ki yi wasa a Alicante tsakiyar Satumba. Tafiyar awa biyu ce kawai. Na yi magana da magajin gari, ya ba mu motar safa. Mutum arba'in da bakwai sun rubuta suna, har da Fada limamin coci, har da masu bushe-bushen gari. Pura ma ta rubuta, wai za ta je ganin ƙanwarta ne.

Ki riƙa ɗaure gashinki da kyau, za a ɗauki hoto.

Kakarki,
Herminia

*

Bari, 20 ga Yuli

Kakata,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida Baba da Mama. Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

Ban ci wasa ko ɗaya ba. Gasa tara na shiga, sau tara aka fitar da ni a zagayen farko. Minti arba'in da biyar ɗin da Baffa ya faɗa gaskiya ne, tsawon lokacin da 'yar Holan ta ɗauka ke nan kafin ta gama da ni. Miƙa hannu kuwa dole ne a kan kowa. Da sauri muke barin gari don wanda aka fitar ba shi da abin jira.

Kunya ce ta hana ni rubutu. A gida babu wadda take iya mayar mini da ƙwallo sau uku. A nan kowace yarinya ita ce gwanar garinsu, wasu ma da masu horar da su, da masu yi musu tausa. Ni kuma nawa Baffa ne, yana zaune da hularsa yana tafi ko da ƙwallona ya faɗa raga.

Da wasiƙarki ta iso, na karanta masa ita a tashar jirgi. Ya yi fari fat. Ya rantse bai taɓa rubuta ƙarya ba, wai in duba kalma bayan kalma. Da na matsa, sai ya zauna a kan jakata ya ce, "Nieves, shekarata hamsin da biyu, ban taɓa kai wa Inna mummunan labari na fito da ƙafafuna daidai ba." Daga nan ya roƙe ni in yi shiru. Ya ce tunda Baba ya riga ya yarda, wa zai sani? Jaridu ba sa buga irin ƙananan gasanninmu.

Kwana uku ina juya maganar. Ina son wasan nan, Kaka, ko ana lallasa ni ina son sa. Amma ba zan iya kallon Baba a gonar lemo da wannan a cikina ba. Ki gaya masa sharaɗi yana nan. Ki kuma soke motar, don Allah.

Kada ki yi wa Baffa tsanani. Ranar da na yi kuka a Faransa, shi ya zaunar da ni ya gyara mini gashi da almakashinsa har na yi dariya.

Jikarki mai neman gafara,
Nieves

*

Cañada Honda, 4 ga Agusta

Nieves da Fulgencio, ku karanta tare.

Gaisuwa ga Nieves. Fulgencio ya jira tasa.

Na ɗauko wasiƙunka biyar na bi su da yatsa, Fada ma ya bi su da tabarau. Ya ce a shari'ance babu ƙarya a ciki, amma yana son ganinka in ka dawo.

Kwana biyu ban fita ba. Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci na tsaya a kan matakala na ce kowa ya dakata. Na ce jikata ba ta ci komai ba, ni ce na yi ta baza labari, kuma ita ce da kanta ta rubuto gaskiya alhali shiru ya fi mata riba. Shekarata saba'in da takwas ban taɓa jin rana mai zafin wannan ba. Washegari Pura ta ƙara mini burodi ɗaya a jaka. Da ta zage ni ya fi mini sauƙi.

Ubanki ya je ya karɓo sababbin takardu, tunda tsuntsu ya gama da tsofaffin. Sau biyu ya karanta wasiƙarki. Ya ce sharaɗi sharaɗi ne.

Mota kuwa ba a sokewa. Na ce wanda ya fasa ya ɗaga hannu, ba wanda ya ɗaga, sai ma mutum shida da suka ƙaru. Wasu tausayi zai kai su, wasu kallo, ni ba ruwana, kujera dai ta cika. In za a kayar da ke, a kayar da ke a gaban mutanenki, mu ba ki abinci mu dawo.

Kakarki da uwarka,
Herminia

*

Alicante, 14 ga Satumba

Inna,

Ina gaishe ki da ladabi, ina fatan kun isa gida lafiya cikin ruwan nan.

Da farko, alƙalin wasa ya ce in isar miki da saƙo. A tanis ba a kaɗa ganga lokacin da 'yar wasa take shirin bugawa, ba a raba shinkafa da naman zomo a layin gaba, kuma ba a tambayar alƙali ko ɗan gidan wane ne shi. Na ba shi haƙuri a madadin garinmu duka.

Kin ga yadda 'yar Ostiriyan nan ta cinye turmin farko shida da biyu. Kin ga Nieves ta farfaɗo a na biyu har suka yi huɗu da huɗu, sannan sama ta tsage, jar ƙasar filin ta zama kunu, direba ya ce ba zai kwana a Alicante ba. Ga abin da ba ki gani ba.

Yau da safe aka ci gaba. 'Yan kallo mu uku ne: ni, da mai horar da yarinyar, da wani tsoho mai share layi. Kafin ta shiga Nieves ta ce mini abin da take tsoro ya riga ya faru jiya, duk gari ya ga ana dukanta kuma ba ta mutu ba. Ta daina buga ƙwallo da ƙarfi kamar mai jin haushinsa. Ta koma irin wasan da take yi da bangon coci, duk abin da aka aiko ta mayar, sama-sama, a hankali, har yarinyar ta fara magana da kanta da Jamusanci. Ta ci turmi na biyu. Na uku ya kai awa ɗaya da rabi. A bugun ƙarshe ƙwallo ya taɓa bakin raga, ya tsaya kamar yana shawara, ya faɗa ɓangaren waccan.

Ta ci, Inna. Na rubuta kalmar a fili don kada Fada ya sha wahala: ta ci. Ni kuma na yi tsalle na faɗa kan tsohon mai shara, amma ya ce ba komai.

Ki gaya wa Ginés.

Ɗanki,
Fulgencio

*

Cañada Honda, 17 ga Satumba

Nieves,

Ina gaishe ki. Takarda ta zo daga baffanki. Na kai wa Fada, ya juya ta gaba da baya, ya ce bai ga ramin da ke cikinta ba, amma wancan karon ma bai gani ba sai da aka nuna masa. Ubanki ya sa takardun makaranta a aljihu, bai cike ba, bai yaga ba, yana ta zagaya gida kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Ba wanda na gaya wa a gari.

Ki rubuto da hannunki. In ba haka ba ne, ki faɗa, ɗakinki a share yake.

Herminia

*

Valencia, 21 ga Satumba

Kakata,

Gaisuwa mai yawa gare ki da Baba da Mama.

Gaskiya ne, na ci: biyu da shida, shida da huɗu, bakwai da biyar. Ga takardar sakamako da sa hannun alƙalin da kika tambayi asalinsa. Ki ba Baba, ki ce masa zan zo tsinkar lemo a Nuwamba, in koma a Janairu. Sannan ki je gidan burodi.

Washegari wata 'yar Jamus ta fitar da ni shida da babu, shida da ɗaya. Baffa yana can ƙarshen tebur yanzu haka, ya fi rabin awa yana tauna biro, yana neman yadda zai gaya miki. Na leƙa, ya kai inda yake cewa Bajamushiyar ta yi gumi sosai.

Jikarki,
Nieves