Makin da Na Ba Ciwonka

Zuwa gare ka, maigidana, inuwata ta tsakar rana, ruwan randata mai sanyi, ɗalibina da ya fi kowane ɗalibi taurin kai,

Ina gaishe ka gaisuwar matar da ta yi shekara ashirin da shida tana gane takunka tun daga bakin layi. Ba zan tambaye ka lafiya ba. Wata huɗu ina tambayarka a waya kana cewa lau, na gaji da sa ka yin ƙarya. Wannan takarda za ta riga ni isowa da kwana ɗaya, kuma da gangan na yi haka. Na san halina. In na fara ganin fuskarka, ko dai in yi maka faɗan da sai maƙwabta sun leƙo, ko in ɓige da kuka in manta abin da ya kawo ni. Gara ka karanta ni a zaune kafin ka gan ni a tsaye.

Kai ne iskar nan mai ƙamshin ƙasa da ke riga ruwan sama isowa. Kai ne bishiyar da na jingina da ita har na manta cewa bishiya ma tana ruɓewa ta ciki, ganyenta na kore. Ina sonka kamar yadda busasshiyar gona ke son hadari, kuma yau ina jin haushinka. Duka biyun gaskiya ne, sai ka haƙura ka karɓe su tare.

Ka tuna Asabar ɗin da muka yanka katunan farko? Kwana uku ke nan da kamfani ya ce za a mayar da kai babban reshe, tafiyar yini guda a mota, inda sababbin shugabanni ke yin taro da Turanci. Ka zauna a kujerar gefen taga kana murza hularka. Ka ce Turancin inji ba ya ba ka tsoro, ka san sunan kowane ƙarfe da kowane bututu. Abin da ke kashe ka shi ne manaja ya jefo wata magana wadda ka san kowace kalma a cikinta, amma da sun haɗu sai su juya maka baya, kowa ya yi dariya, kai kana murmushin yaƙe. Kai, bakaniken da ke sa kunne ya gane damuwar inji daga nishinsa, an mayar da kai baƙo a wurin aikinka!

Sai na kwaso kwalayen sabulu da almakashin ɗinkina. Kana yankawa, ina rubutawa: salon maganar Turawa a gaba, ma'anarsa da Hausa a baya. Katin farko shi ne “a piece of cake”, wato yankan kek, ma'ana abu mai sauƙi. Ka juya shi sau biyu, ka ce wanda ya ƙirƙiro wannan magana bai taɓa tsayawa gaban tanda ba. Na yi dariya har na ɓata kati na biyu. Rana ta faɗo ta taga a kan hannayenka, baƙin mai a ƙarƙashin faratanka, ka riƙe ɗan almakashina kamar mai tsoron kada ya ji masa ciwo. Ran nan na sake sonka sabo fil, ban gaya maka ba, don kada kanka ya kumbura.

Ni na kafa dokar, ban manta ba. Na ce kowane kati sai ka saka shi a jimla taka, kuma kada ka ƙago mini misali, don jimlar da ba ta faru da mutum ba, ba ta zama a kansa. Ka sara mini kamar soja, ka ce an gama, Malama. Muka sayi littattafan rubutu biyu, shuɗi da kore, ɗaya na wurinka ɗaya na wurina, direban motar safe yana musanya mana su duk mako biyu. Ina aiko maka kati ashirin, kai ka zaɓi waɗanda suka dace da kwanakinka.

Kai ke zaɓa. Yau na gane nauyin wannan.

Littafinka yakan iso ne in jefa shi cikin tarin littattafan 'yan ajina sittin da biyu, in ɗauki jan biro. Ka san yadda nake duba aiki, ka sha zama kusa da ni kana kallo. Shekara goma sha tara na horar da idona ya riƙa tsintar kuskure kamar kaza na tsintar tsaba. Ba na jin abin da ɗalibi ya faɗa, yadda ya faɗe shi kawai nake gani. Ka san haka sarai.

Ka zaɓi “under the weather”, wadda na rubuta a bayanta: ɗan rashin jin daɗin jiki. Ka ce mako uku ke nan kana haka, abinci ba ya zama a cikinka. Na ja layi a ƙarƙashin kalma ɗaya, na ce ka gyara.

Ka zaɓi “skin and bones”, wato mummunar rama. Ka ce ka huda sababbin ramuka biyu a bel ɗinka. Na rubuta: misali mai kyau.

Ka zaɓi “a bitter pill to swallow”, labari mai ɗaci da ba makawa sai an haɗiye shi. Ka ce abin da likita ya gaya maka ran Litinin haka yake. Wayyo ni! Wannan jimla har allo na kai ta. Na tsaya gaban yara sittin da biyu na karanta musu, na ce su ga yadda dattijo ɗan shekara hamsin da biyar ke sarrafa Turanci, su ji kunya. Suka kwafe ta a littattafansu. Ciwonka yana nan a jakar 'ya'yan mutane, ni matarka ban san da shi ba.

Ka zaɓi “get cold feet”, wato tsoro ya kama mutum ya janye ana dab da yin abu. Ka ce sau biyu ana sa maka rana, sau biyu hakan na faruwa da kai. Ban tsaya na ce ranar me ba. A gefen shafin na rubuta cewa rubutunka ya fara lalacewa, ka riƙa natsuwa.

Ta ƙarshe ita ce “throw in the towel”, miƙa wuya, daina kokawa. Ka ce kana tunanin yin haka. Na ba ka goma bisa goma. Na rubuta: madalla, ka zama gwani.

Babbar 'yarmu ce ta zo ran Lahadi da jinjirinta. Tana ba shi nono ta jawo koren littafin daga kan tebur, don kawai ta ga rubutun babanta. Ta karanta daga shafin farko zuwa na ƙarshe, a jere, yadda mutum ke karanta wasiƙa. Tana kaiwa ƙarshe ta ce:

“Umma, tun yaushe Baba ba shi da lafiya?”

Na yi dariya, na ce aikin gida ne, darasi ne kawai. Ta ɗago ta dube ni.

“Ba ke kika hana shi ƙago misali ba?”

Na karɓi littafin daga hannunta na sake karantawa.

Na kira Dogo, abokin ɗakinka. Ya fara kame-kame, wai layi ba kyau, wai yana cikin hayaniya. Na ce masa na tsufa a cikin yara maƙaryata, kuma duk sun fi shi iyawa. Sai ya sauke murya ya faɗa mini komai: ƙari ne a hanjinka. Likita ya ce in an yi aiki yanzu akwai kyakkyawan zato, in aka ƙara wata biyu ba ya ɗaukar alkawari. An sa maka rana ta uku, jibi Alhamis, kuma ka riga ka ce ba za ka sa hannu ba. Ya ce kullum kana zuwa aiki, kana jingina da bango in ciwon ya murɗa, kana cewa takalmi ne ya matse ka. Ya ce ya taɓa tambayarka dalilin ɓoye wa Malama. Ka san amsar da ka ba shi, amma bari in rubuta maka ita ka gan ta da idonka:

“Ni ban ɓoye mata ba. Sau biyar na gaya mata. Ta ba ni maki.”

Haka ne, masoyina? Wannan shi ne gaya wa mace? Ka ɗauki maganar da ta fi kowace magana nauyi a rayuwarmu, ka naɗe ta da harshen wasu, ka cusa ta a inda ka tabbata ba zan gan ta ba, sannan ka wanke hannunka ka ce ka faɗa? Turawa sun ƙera waɗannan maganganu ne don su rage wa gaskiya kaifi a gaban baƙi. Ni baƙuwa ce? Ni da na haifa maka huɗu, muka binne ɗaya tare? “Ba ni da lafiya” kalma huɗu ce, jikanka ma ya kusa iya faɗarta. Ka kira ni kullum bayan an tashi daga aiki, ka tambayi ko an gyara famfo, ka tambayi kuɗaɗen da ba su dame ni ba da awakin maƙwabta da ba su dame ka ba, amma kalma huɗu suka gagare ka!

Kada ka ɗauka kai kaɗai nake wa faɗa. Rabon da na ba kaina ya fi naka yawa. Ni ce mai kantar littattafai har rufi, mai taƙamar gano abin da marubuci ya ɓoye a tsakanin layuka. Na karanta baƙin cikin mutanen da ba a taɓa haifa ba, na yi musu hawaye. Ga mijina ya rubuto mini nasa da hannu mai rawa, na ce ya gyara rubutu. Wace irin makanta ce wannan? Tun ran Lahadi ban iya taɓa jan biro ba. Ina ganinsa a kan tebur sai in kau da kai.

Na san abin da ke tsorata ka, ba sai ka faɗa ba. Ina tare da kai ranar da aka tura mahaifinka ɗakin tiyata. Ya cire takalmansa ya miƙa maka, ya ce ka riƙe masa yana dawowa. Awa biyar kana zaune a kan bencin asibiti da takalman a cinyarka, har likita ya fito yana kallon ƙasa. Tun daga ranar ko ƙofar asibiti muka wuce sai ka sauya hira. Ban taɓa yi maka gori ba, yau ma ba gori nake yi ba. Amma ka gaya mini, kai da ba ka taɓa barin inji ya kwana yana ƙara ba, kai da kake ce wa masu motoci a buɗe yau ko a zubar gobe, yaushe ka koma mai toshe kunne? Da wani ne ya kawo maka inji a wannan hali ya ce a bar shi ya ci gaba da aiki, da me za ka kira shi?

Hasken safiyata, ba na roƙonka ka daina jin tsoro. Ni ma tsoron nake ji, har ƙashina. Ina roƙonka ka shiga da tsoronka. Ba zan yi maka ƙaryar cewa tabbas za ka fito ba. Likitan da kansa bai ce haka ba, kuma ƙarya ta ishe mu a gidan nan. Abin da na sani shi ne ɗaya hanyar, ta ƙin yin aikin, ba ta da ko shakka a cikinta. Kana so in zauna in kalle ka kana ƙafewa kamar tafki a ƙarshen rani, kullum bakin ruwa na ja da baya, ni ina tsaye ba abin da zan iya? Wannan ne ladan shekarun da muka yi?

Na je wurin shugaban makaranta jiya. Ya ce jarrabawa ta matso, wa zai duba takardun yara? Na ce masa ya nemi mai ido, nawa sun nuna ba sa gani. Gobe Laraba zan shigo motar farko. Na haɗa matashinka mai laushi, da bargon nan da kake cewa yana ƙaiƙayi amma ba ka barci sai da shi. Dogo zai tare ni a tasha. Kada ka sa shi ya ce ka fita. Na san ɗakin, kuma na iya zaman jira fiye da yadda ka iya ɓuya.

Ran Alhamis da safe za a miƙo maka takarda. Akwai wurin sa hannunka, akwai na wani naka. Ni zan fara sa nawa, a gabanka, sannan in miƙa maka biron.

In ka ƙi, ba zan tafi ba. Zan dawo da kai gida, in yi maka wanka, in juya ka, in ba ka ruwa da cokali har ranar da ba za ka iya haɗiyewa ba. Ba wanda zai taɓa ka sai ni. Amma ka sani zan yi duk wannan ina fushi da kai, kuma fushin ba zai bi ka kabari ya ƙare ba, a nan zai zauna da ni, shekara da shekaru, a ɗakin da babu wanda zan yi wa faɗa. Kada ka bar mini wannan gado, don Allah.

Ka sa hannu, mijina. Ina bakin ƙofar ɗakin tiyata har a buɗe ta, ko me za a fito a gaya mini.

Taka ce ni, a kan bencin asibiti da bayansa, da fushina da komai, har numfashina na ƙarshe,

Matarka.