Rautar da Za Ta Kai Ɗakin Mama

Auta, ƙanina,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga nan gida, da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Allah ya tsare ka a saman injin ɗaga kayan nan da kake hawa kullum a bakin teku, ya ba ka natsuwar hannu, ya sauko da kai lafiya kowace yamma. Yaya Maman Kumatu da hidimar goyo? Yaya ita Kumatun, haƙoran sun gama fitowa ko har yanzu tana hana ku sakat? Mu nan muna nan yadda ka san mu. Baban yara yana ta fama da garejinsa, 'yan biyu sun shiga aji huɗu, rashin jinsu ya ƙaru, sun kusa kamo ka lokacin da kake kamarsu. Na san za ka yi mamakin ganin rubutun hannuna, mu da muka saba danna waya. A ofishin malamai nake zaune, yara sun fita tara, in na gama zan ɗauki hoton takardar in tura maka. Amma ka samu wuri ka zauna tukuna. Kada ka karanta ta a bakin aiki.

Maganar rautar waifai ɗin gidan Mama ce, na'urar nan mai watsa intanet, wadda ka yi ta yi mini mita a kanta wata da watanni, kana cewa hoto ba ya fita, murya tana yankewa, Mama ta zama kamar zanen da ruwa ya jiƙa. Ka san dai ita ce wadda marigayi Baba ya sayo shekarar da ka tafi, ya ɗora ta kan firji a falo, ya kafa doka kada kowa ya taɓa mata kunne. Mama kuwa tun ranar ta sa mata suna Zomo saboda eriyoyin nan biyu, har yau ba ta san wani suna ba. Shekara bakwai ke nan Zomo yana aiki. Tun bara ya soma zafi kamar dutsen guga, sai mun kashe mun kunna sau uku a yini, har fanka muka taɓa juya masa. Kwana goma da suka wuce aka kawo wuta da ƙarfi, ya yi wani ɗan ƙauri, fitilunsa suka mutu gaba ɗaya. Baban yara ya buɗe shi, ya duba, ya ce babu abin da za a gyara a ciki. Abin da na gaya maka ke nan a waya, kuma gaskiya ne. Sai dai akwai sauran magana, wadda ban gaya maka ba.

Auta, ba lalacewar Zomo kaɗai ta sa hoton Mama ya dushe ba. Wata uku ke nan da muka ɗauke ta daga ɗakinta na kusa da falo, muka mai da ta ɗakin baya, tsohon ɗakinka, domin ya fi kusa da banɗaki, ƙafafunta ba sa iya kai ta nesa. Bango uku ne tsakanin ɗakin da firji, waifai ɗin da ƙyar yake ratsawa. Ciwon cikin nan da muke ce maka gyambon ciki ne, ba shi ba ne. Ciwon daji ne, kuma ya kai hanta kafin a gane. Likita ya zaunar da ni da Kawu ya yi mana bayani a hankali, ya ce abin da ya rage shi ne a rage mata raɗaɗi, a bar ta a gida cikin 'ya'yanta. Da Kawu ya matsa masa, sai ya ce maganar watanni ake yi, sauran sani yana wurin Allah. A ranar Mama ta riƙe hannuna ta ce in ina son ta yafe mini kada in gaya maka. Ta ce ka sha wuya kafin ka samu wannan aiki, ga jaririya, ga takardun zamanka ba su gama fitowa ba, kuma ta san halinka, in ka ji sai ka watsar da komai ka taho. Na yi mata alkawari. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma hoton nan mara kyau ya yi mana amfani. Duk lokacin da ka kira, sai in ja labule, in gyara mata ɗankwali, in riƙe wayar can nesa. In ka ce ba ka ganinta sosai, in ce ai ka san halin netwok. Kai kana can kana zagin Zomo, ni ina nan ina ɓoyewa a bayansa.

Da ya mutu, Mama ko a jikinta. Cewa ta yi a bar shi haka, murya ma ta isa, mutanen da ai ko muryar ba sa samu. Kai kuma kullum sai ka tambaya ko na sayo sabuwa. Na yi mako guda ina kawo maka dalili iri-iri, yau jarrabawar yara, gobe ruwan sama. Ranar Asabar dai na shirya na tafi layin masu kayan waya, ban ma san abin da zan yi ba, ina jin kawai in fita daga gidan.

Shagon da na shiga ƙarami ne, wayoyin caji sun yi labule a ƙofa sai ka sunkuya. Mai shagon dattijo ne mai furfura, gilashinsa ɗaure da zare. Na ajiye masa gawar Zomo a kan kanta, ya juya ta ya yi dariya, ya ce wannan ai ta ci a yi mata ritaya da lambar yabo. Bai yi saurin ɗauko mini komai ba, tambayoyi ya shiga yi. Ɗaki nawa ne a gidan, bangon bulo ne ko katako, waya nawa ke hawa kai, kebul kamfani ya ja mana ko sim muke sakawa, ana yawan ɗauke wuta ko a'a, kuma me muka fi yi da ita. Na ce masa kiran bidiyo, daga ɗakin ƙarshe, bayan bango uku. Sai ya jero mini guda uku. Ta farko 'yar ƙarama ce mara eriya, kamar sabulun wanka, ya ce tana da kirki amma ta ɗaki ɗaya ce, a gida irin namu sai dai murya ta kai, hoto zai riƙa daskarewa. Ta biyu mai eriya huɗu, ya ce hanya biyu take watsawa, ɗaya mai gudu amma bango yana tare ta, ɗaya kuma ba ta kai ta gudu ba amma tana ratsa bango ta yi nisa, waya da kanta za ta zaɓi wadda ta fi mata. Ya ce in an haɗa ta da ɗan batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, kira ba zai yanke ba. Ta uku kuwa akwati biyu ne masu miƙa wa juna, ya ce wannan ta masu bene ce, kada in wahalar da kaina.

Na daɗe ina kallon 'yar ƙaramar nan, Auta. Da a ce na ɗauke ta, da shi ke nan, na cika maka alkawari na sayo sabuwa, na cika wa Mama nata, in ka yi ƙorafi in ce haka netwok ɗin unguwar yake. Har na sa hannu a kan kwalinta. Shi kuwa dattijon bai san abin da ke raina ba, yana ta yabon mai eriya huɗu, sai ya ce ga garanti na shekara uku, kuma in an kula da ita za ta yi mana shekara takwas ba ta ce uffan ba. Ban san lokacin da bakina ya ce masa ni ta wata biyu ko uku nake nema ba. Sai kuka ya ƙwace mini a tsakiyar shagon mutane, ni da na riƙe shi a gaban likita, na riƙe shi a gaban Mama. Bawan Allahn nan bai tambaye ni komai ba. Ya janyo mini kujera, ya ba ni ruwa, ya sallami wani mai sayen caja, ya jira. Da na natsu na gaya masa komai, abin da ban iya gaya wa ɗan uwana ba na gaya wa mai shago. Sai ya ce shi ba zai shiga tsakanin uwa da 'ya ba, kaya kawai ya sani. Amma in tambayarsa nake wacce za ta kai ɗakin baya, to guda ɗaya ce a cikin biyun, kuma na san ta. Ya ƙara da cewa kada a sake ɗora ta kan firji, a kafa ta a sama, a tsakiyar gida, inda babu ƙarfe kusa da ita. Mai eriya huɗun na ɗauko.

Baban yara ne ya kafa ta a bangon barandar ciki, daidai tsakanin falo da ɗakunan baya, ya sa mata sunan waifai ɗin tsohuwar rautar da kalmar sirrinta don kada mu sha wahalar sake shigar da wayoyi. Mama tana jin ƙarar bugun ƙusa ta gane. Ba ta yi faɗa ba, ka san ba ta yi. Juya fuska kawai ta yi bango. Na kawo mata magani ta karɓa ba ta dube ni ba, na shafa mata mai a ƙafa ba ta ce sannu ba. Tun da nake ban taɓa ganin yini mai tsawon wannan ba.

Washegari da hantsi ina gyara mata matashi, wayarta ta shiga ƙara, saƙonnin da suka maƙale suna ta faɗowa. A ciki har da bidiyon Kumatu da ka turo tun watan jiya, wanda yake ta juyawa ya ƙi buɗewa a ɗakin. Na danna, ya buɗe nan take, tas kamar yarinyar tana kan gadon. Ga ta tana dafa kujera tana miƙewa, ta faɗi zaune daɓas, ta kalli mai ɗauka ta bushe da dariya. Mama ta ce in matso da shi. Sau shida ta kalla. Ta ce ashe yarinyar nan goshin Baba ta ɗauko, duk watannin nan ita ba ta taɓa ganin fuskarta sosai ba, inuwa kawai take gani tana cewa masha Allah. Wallahi ban taɓa tunanin wannan ba. Ina ta lissafin abin da kai ba ka gani, na manta ita ma ba ta ganinku.

Sai ta ce in gwada mata kiran, ta ga yadda yake fita. Na kira Baban yara yana gareji. Fuskarsa ta fito har da baƙin man da ke hancinsa, a can gefe kuma ga tata a ɗan ƙaramin akwati. Tun da ta kwanta ba ta nemi madubi ba, mu ma ba mu kawo ba. Ta kalli kanta, ta ɗaga hannu ta shafa kumatunta inda suka zurma, ta taɓa ƙashin wuyanta. Na kashe kiran. Daga baya ta ce wannan fuskar ba ta ɓoyuwa, kuma ba daidai ba ne yaro ya buɗe waya ya ci karo da ita babu shiri. Ta ce in rubuta maka, da hannuna, in faɗi komai, ta sauke mini alkawarin. Ta ce kuma in gaya maka ita ta hana, kada ka riƙe ni a zuciya. Ni dai duk da haka ina roƙonka gafara, domin wata uku na yi ina kallon idonka ina yi maka ƙarya.

To ga abin da za ka gani, don ka shirya. Ta rame sosai, kusan rabinta ya tafi. Idanunta sun yi rawaya. Muryarta tana nan, hankalinta yana nan garau, har tsokanar 'yan biyu tana yi, amma ba ta wuce minti goma sai ta gaji. Da safe ta fi ƙarfi, bayan ta sha magani, wajen ƙarfe tara namu. Ka kira ranar Lahadi, ka ɗora Kumatu a cinyarka, ku zauna inda haske yake. Ta ce in gaya maka ka yi kukanka ka gama, ka wanke fuska, sannan ka kira, don ita hira take so.

Saura tawa maganar, wadda ba ta aiko ni da ita ba. Ka je wurin shugabanku gobe ka nemi hutu, ko na mako biyu ne, ka tambayi masu takardu abin da zai yiwu ba tare da ka rasa zamanka ba. In ya yiwu, kada ka jira ƙarshen shekara. In kuma bai yiwu ba, babu mai ganin laifinka a gidan nan, ka riƙa kira kullum, zan riƙe wayar kusa.

Kawu yana gaishe ka, ya ce ka neme shi bayan ka karanta, shi ya ji bayanin likita da kyau fiye da ni. Gwaggo ta dawo gidan da zama, ita ke wurin Mama in na tafi makaranta, tana gaishe ku. Baban yara da 'yan biyu suna gaisuwa. Ka gaishe mini da Maman Kumatu, ka ba ta takardar ta karanta, kada ka ɗauki wannan kai kaɗai. Ka sumbaci goshin Kumatu. An buga ƙararrawa, yara sun koma aji, dole in tashi. Allah ya ba Mama sauƙi, ya ba mu juriya, ya haɗa fuskokinku tun tana iya gane ka.

Ni ce yayarka,
wadda ta goye ka.