Yadda Suka Mai da Tsohuwar

Talata da dare, Dogondutsi

Wata guda ke nan ina karanta wa Inna wani littafi, don tsohuwar da ke cikinsa 'yar bori ce kamarta, mai ba matan gari magani da haƙuri. Yau na samo fim ɗinsa a waya, muka zauna kallo da murna. Ashe mayya suka mai da ita, fuska duk toka, tana ƙyaƙyata dariya tana kama kurwar yara. Tir!

Inna ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, haka mutane ka ganina?"

Na goge fim ɗin a gabanta, na ɗauko littafin mu ci gaba. Ta ce in bar shi, ta juya fuskarta bango.