Ranar da Umma Ta Ɓoye Muku Sanyin Gidanta

Zuwa ga Shugaban kamfanin da aka ɗora wa gudanar da shirin tallafin gyaran gidaje don rage sanyi a yankin Erdington, Birmingham.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka. Ya aiki, ya kuma fama da jama'a irinmu.

Sunana Bilkisu. Aikina harhaɗa magunguna, ina zaune a Whalley Range a Manchester. Mahaifiyata na rubuto a kanta, muna kiranta Umma. Ita kaɗai take zaune a Erdington, a gidan da mahaifinmu ya rasu ya bar mata. Ta nemi shiga shirinku, wanda gwamnati da kamfanonin wuta suke biya a sanya wa tsofaffin gidaje abin tare sanyi a bango da rufi, a kuma canza musu boila, wato tukunyar da ke ɗumama gida. Kun sa ta a ƙarshen layi. Na buɗe wasiƙar nan ga kowa, kuma da Hausa, saboda na san akwai iyaye irin tawa a Birmingham da Manchester, kuma ina so a karanta musu su ji. Kai kuma ba za ka rasa mai fassara maka ba.

Na ɗaya, halin gidan. Tsohon gini ne, bangonsa ba ya riƙe ɗumi. Idan aka kashe hita, kafin shayi ya huce gidan ya koma yadda yake. A ɗakin kwananta na sama, bayan kabad, funfuna ta ci bango baƙi ƙirin, danshi yana tsatsafowa ta gefen taga. Umma tana da ciwon ƙirji, sanyin bara sau biyu ana kwantar da ita a asibiti. Hita kuwa ba ta kunnawa sai sanyi ya kai mata ko'ina. Mun ce mu za mu biya, ta ce ba za ta ƙona gumin 'ya'yanta a iska ba. Da kot ɗin Baba, wato babbar rigarsa ta sanyi, take zama a falo, da safa biyu a ƙafa.

Na biyu, ranar da ma'aikacinku ya zo. Kun aiko mata da takarda mako guda kafin nan, kun faɗi rana da lokaci. Na san kyautatawa kuka yi niyya, amma daga nan komai ya lalace, domin a wajen Umma duk wanda ya sanar da zuwansa baƙo ne, baƙo kuma ba a tarbarsa da gida a hargitse. Ba zan ɗora mata laifin ita kaɗai ba. Ranar Lahadi kafin zuwansa ni na hau jirgin ƙasa na zo, na sa safar hannu, na goge bangon nan tas da hannuna har kafaɗata ta riƙe. Ni da nake da ilimin sanin abin da zai zo nema, ko kaɗan abin bai zo mini a rai ba. Abin da kawai nake gudu shi ne wani ya shiga gidan uwata ya fita yana yamutsa fuska.

Sauran aikin ita ta ƙarasa. Tun da safe ta kunna hita har ƙarshe, abin da ba ta taɓa yi wa kanta ba. Ta aro ƙaramar hita ta lantarki a maƙwabta ta ƙara a falo. Ta shimfiɗa dardumar da ba ta fitowa sai da Sallah, ta rataye sabon labule a kan tagar da ke zuba, ta sa turaren wuta ya kori warin danshi. Ta cire kot ɗin Baba ta ninke, ta sa leshinta mai kyau. Ta dafa shayi, ta zuba cincin da dambun nama a faranti. Mutumin naku, in ji ta, sai da ya cire rigar sanyinsa don zafi, kuma da alfahari take ba ni wannan labari.

Ba na kukan ma'aikacinku da rashin ladabi. Umma ta yabe shi, ta ce da kansa ya cire takalmi a bakin ƙofa. Ya auna bango, ya duba boila, ya rubuta cewa gidan tsoho ne, wannan gaskiya ne. Sai ya zo ga tambayoyin da su ne suke raba wanda za a fara yi wa aiki da wanda zai jira. Ya tambaye ta ko tana shan wahalar sanyi, ta ce lafiya lau, sai godiya. Ya tambayi lafiyarta, ta ce ta gode wa Allah. Kada ka ɗauka Turanci ne ya gagare ta, tsohuwar malamar makaranta ce, har yau tana gyara mini nawa. Ta fahimci tambayar sarai. Takardar GP, wato likitanta na unguwa, da ta bayyana ciwonta tana cikin durowa kusa da gwiwarsa, ba ta fito da ita ba, domin a tarbiyyarta ba a zaunar da baƙo a zazzage masa ciwon jiki yana riƙe da kofin shayinka. Da ya nemi hawa sama, ta ce masa sama babu matsala. Bazawara ce ita kaɗai a gida, ba ta saba namiji baƙo ya shiga ɗakin kwananta ba. Shi ma ya ga nauyinta bai matsa ba, ya ƙarasa shayinsa ya tafi.

Na uku, amsarku. Bayan mako uku takarda ta zo: gidan ya cancanci gyara, amma babu danshi, mai gida ba ta da larurar lafiya, don haka ba ta cikin na gaggawa. Na buga waya sau huɗu. Na aika takardar GP da hotunan bangon da na ɗauka bara. Wata ma'aikaciyarku mai daɗin baki ta ce mini ta fahimce ni, amma ƙa'idarku ita ce abin da mai dubawa ya gani da idonsa shi ne hujja, kuma ba a sake zuwa gida ɗaya sai shekara ta zagayo. Ranka ya daɗe, abin da ya gani da idonsa ni da Umma muka shirya masa. Gidan da ya shiga bai wuce rabin yini a duniya ba, yana fita aka kashe hita, aka mayar wa maƙwabta tasu, aka naɗe darduma.

Na huɗu, abin da jiran zai jawo. Yayana Kabiru likita ne, kuma ba ya magana biyu. Ya ce Umma ba za ta sake cin wani sanyin a gidan nan haka ba. In ba a gyara kafin sanyi ya kankama ba, za a kwashe ta a kawo mini Manchester, a sa gidan a kasuwa. Mun nemi masu aikin da za mu biya da kanmu, abin da suka yanka ya fi ƙarfinmu a yanzu. Ni ina son uwata kusa da ni, wa zai ƙi? Amma flat ɗina a hawa na uku yake, babu lifta, ƙirjinta ba zai ɗauki matakalar ba. In ta hau, ta hau ke nan. A Erdington kuwa da ƙafarta take fita kasuwa, mai nama ya san irin yankan da take so, ƙawayenta suna taruwa a falonta duk Asabar su yi karatu, su ci, su tattauna auren 'ya'yan mutane. Da Yaya ya faɗa mata shawararsa ba ta yi musu ba. Sai da ya tafi ta ce da ni, "Bilkisu, a nan na wanke muku kai, a nan aka ɗauki babanku. Ina zan je in fara zama baƙuwa?" Har yau maganar tana ci mini rai.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Ku sake turo mai dubawa kafin sanyi ya shigo. Ku turo mace, yadda za ta iya hawa sama ba tare da kowa ya ji nauyi ba. Sannan ranar zuwan, ni za ku sanar wa, kada takarda ta je hannun Umma, in ba haka ba za ku sake cin cincin ku rubuta lafiya lau. Ina da mabuɗi, zan zo in buɗe. Ga sauran gidajen tsofaffinmu kuma, ku riƙa neman ɗa ko 'ya su zauna a wajen, ku nemi takardar likita da bakinku, kada ku jira a miƙo muku.

Funfunar ta dawo bangon, wannan karon ban taɓa ta ba. Na rufe ɗakin, na sauko da gadon Umma falo don kada ta shaƙa. Duk Lahadi in na zo tana ce mini ba haka ta tarbiyyantar da ni ba, in bar datti a gida ina gani, ni kuma ina barin funfunar yadda take, domin ita ce kaɗai shaidar da ƙa'idarku take karɓa. Tun da gado ya shigo falo ta aika wa ƙawayenta cewa a dakata da taron Asabar. Matar da ban taɓa ganin ta mayar da baƙo daga ƙofa ba, yau sati biyar babu wanda ta bari ya shigo. Ku nake so ku zama na farko, kuma ku same ta da kot ɗin Baba a jikinta.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya sa albarka a aikinka. In iyayenka suna raye, Allah ya tsufar da su a ɗakinsu cikin ɗumi da mutunci, in sun riga mu gidan gaskiya, ya sa ka sami mai duba ka ranar da kai ma za ka ce lafiya lau alhali ba haka ba ne.

Wassalam.

Taka mai jiran amsa,
Bilkisu, 'yar Umma,
Whalley Range, Manchester.