Sunan Jaririn Bitrus

Yaya Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa daga Romi. Ya maigida da yara? Ya sanyin Jos? Mu sai godiya.

Ƙaninmu Bitrus ne ya dame ni. Kin tuna sunan ɗan wasan kulob ɗinsa na Ingila ya raɗa wa jaririnsa. To, ɗan wasan ya koma wajen abokan hamayyarsu. 'Yan gidan kallo sun sa Bitrus a gaba da tsokana, har ya daina ɗaukar yaron. Jiya matarsa ta miƙa masa shi, ya ce, "Ɗauke mini maci amanar nan."

Ki kira shi, maganarki kaɗai yake ji. Ki gaida kowa, ki sa mu a addu'a, don yaron ya riga ya fara waigowa in an kira sunan.

Ƙanwarki,
Ladi