Kun Karɓe wa Baba Garkuwarsa

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya sa albarka a aikinka, ya tsare ku a inda kuke. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har ta koma hawa bene yin shanya da kanta. Kawu ya mayar da shagonsa kusa da tashar mota, kullum ƙorafin hayaniya yake amma ya ƙi tashi. Ni kuma ina nan a kantin magani, tsayuwa daga safe har yamma. Baba jiki da sauƙi, hawan jinin ya daidaita, hannun daman ne dai har yanzu sai a hankali. Saboda shi na zauna rubuta maka, don a waya ba ka bari in kai ƙarshen magana.

Ka tuna zuwanka bayan ɓarin jikinsa ya shanye, yadda ka same shi zaune bakin taga ba ya kula kowa. Kai da kanka ka sa masa wasan kamfaninku a babbar wayar nan, ka kai shi sashen tsaron gada, inda mutum huɗu ke tare hanya wasu huɗun na neman ƙetarewa. Ka ce sashen ba shi da jama'a, ba za a takura masa ba. Ka zaɓa masa mai garkuwa, saboda ba ya buƙatar komai sai a danna wuri ɗaya a riƙe. Yaya, ba ka ga abin da ya biyo baya ba, ni na gani. Mutumin da sai an yi da gaske yake cin abinci, shi ne ya koma tambayata ko na sa wayar a caji. Ya samu abokai: Tsohon Direba maƙwabcinmu, da wata ma'aikaciyar jinya a wata ƙasa da suke kira Nas, da wani da ba wanda ya san fuskarsa, sai dai laƙabinsa, Ƙwaro. Kullum da yamma Baba zai gyara zama, ya tokare wayar da filo, ya tsaya a tsakiyar gada kamar bango, sauran suna harbi daga bayansa. Daga kicin nake jiyo shi yana ba su umarni yana dariya. Har Umma ta fara tsokanarsa wai ya zama kwamanda da tsufa.

Sai ga gyaran da kuka yi wa wasan a watan jiya. Yanzu garkuwar ba ta tsayawa. In an riƙe ta kaɗan sai ta faɗi, dole mutum ya riƙa ɗagawa yana saukewa daidai lokacin da harbi ke zuwa. Ranar farko Baba ya ɗauka wayar ce ta lalace, ya sa na goge gilashin har sau biyu. Da ya gane, sai ya ci gaba da gwadawa. Yatsan ba ya bin umarninsa, kafin ya danna an riga an kayar da shi. Aka yi ta cinye su. Rannan Nas tana wurin aiki, wasan ya haɗa su da wani baƙo, shi kuwa ya rubuta cewa wannan mai garkuwar ya je ya kwanta tunda hannunsa ya mutu. Bai san gaskiya ya faɗa ba. Ina tsaye a bayan Baba lokacin da ya karanta.

Abokansa sun yi iya ƙoƙarinsu. Ƙwaro ya bar bindigarsa ya dawo yana tsayawa a gaban Baba yana karɓar harbi, Direba ma haka. Ka san halin mahaifinka, ya fi son a zage shi da a tausaya masa. Kwana kaɗan ya lura, ya ce musu shi ba kaya ba ne da za a riƙa ɗauka. Ya kashe wayar ya sa a durowa, ya ce mana wai hasken ne ke damun idonsa. Tun daga nan Nas ta daina shiga, ta aiko wa Direba cewa wasan ya daina yi mata daɗi. Direban da kansa ya gaya mini yanzu sai ya sha shayi ya wanke kofi ba a samu mutum takwas da za a fara ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne amsarka ranar da na kira ka. Ka ce mai garkuwa ya yi ƙarfi da yawa, masu shiga gasa sun yi ta kuka, alƙaluma sun nuna yana cin wasa fiye da kima, kuma adalci shi ne kowa ya samu dama daidai. Na ji, ban ce ƙarya kake ba. Na san ba kai kaɗai ke yanke hukunci ba, na kuma san mutanen gasar su ne fuskar wasanku. Amma Yaya, wane ɗan gasa ne ke leƙa gada? Kai da bakinka ka ce sashen ba kowa. Tsofaffi ne da masu dawowa daga aiki a gajiye, sai masu waya mai nauyi da intanet mai yankewa. Babu wanda ya taɓa kuka da garkuwa a can. Har waɗanda Baba ke tarewa sukan aiko masa gaisuwa bayan an tashi. Kun gyara rigimar wani ɗaki, kun zo kun kwashe kujerun namu. Yanzu an daidaita, kowa daidai da kowa, sai dai babu kowa. Da na faɗa maka haka ka yi dariya, ka ce ƙanwarka ta zama masaniyar wasa. Wallahi ranar da ƙyar na yi sallama da kai cikin ladabi.

Ba cewa nake ku rushe aikinku saboda mutum ɗaya ba. Ku bar wa 'yan gasa sabuwar garkuwarsu, ku mayar wa gada tsohuwar. In akwai abin da ya hana, ka yi mini bayani yadda zan gane, kada ka sake karanto mini alƙaluma. In kuma maganar ba ta kai a ɗaga ta a ofis ba a ganinka, to ka kira Baba ka gaya masa da kanka, don ni na gaji da yin kamar na yarda da zancen ciwon ido.

Bai san ina rubuta maka ba, kuma da ya sani zai hana, don ko Direba da ya fara sukar kamfaninku Baba ya katse shi, ya ce yaronsa ya san aikinsa. Shekaranjiya na dawo daga kanti da wuri, na tarar da Baba shi kaɗai a falo. Wayar tana durowa. Ya ɗora hannun daman a kan tebur yana buga yatsa a katako, ɗagawa da saukewa, yana ƙirgawa a hankali, gumi a goshinsa. Da ya gan ni sai ya janye hannun ya tambaye ni ko an kawo wuta.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce na gode da mayafin. Ka shafa mini kan 'yan biyu da ƙaramarsu. Umma tana gaishe ku, ta ce a turo hotuna. Kawu da Gwaggo suna gaisuwa, Direba ma ya ce in gaishe ka, ko da yake ya ƙara da wata magana da ba zan rubuta ba. Allah ya sada mu da alheri.

Ina jiran amsarka, ba ta kamfani ba.

Ƙanwarka,
Auta